Yadda Ƙaramin Ƙauye Zai Kula da Ingancin Ruwan Famfonsa, Ya Kuma Cika Sharuɗɗan Hukuma

A yawancin ƙananan ƙauyukan da suke da ruwan famfo, aikin kula da ruwan yana hannun kwamiti ne na mutum biyar ko bakwai, tare da wani mutum guda da aka ɗora wa alhakin kunna inji da kashe shi da zuba magani a tanki. Babu injiniya a cikinsu, babu masanin sinadarai, amma sau da yawa doka tana kallonsu da idon da take kallon babbar hukumar ruwa ta birni, domin duk wanda ya ɗauki nauyin shayar da jama'a ya ɗauki nauyin lafiyarsu. Ga irin waɗannan mutane aka rubuta wannan jagora. Abin da ya kamata su riƙe tun daga farko shi ne cewa takardar sakamakon da ɗakin gwaje-gwaje yake bayarwa labarin ruwan da aka riga aka sha take bayarwa, saboda gwajin ƙwayoyin cuta yana ɗaukar kusan kwana guda kafin ya nuna, kuma kafin takardar ta iso ƙauye ruwan ya daɗe da shiga cikin mutane. Abin da yake kare jama'a a yau shi ne awon da mai kula da ruwa yake yi kullum da hannunsa, da zagayen da yake yi da ƙafarsa, da gaskiyar abin da yake rubutawa a littafi.

Sanin dokar da ta hau kanku

Mataki na farko shi ne a nemo rubutaccen ma'aunin ingancin ruwan sha na ƙasar da ake ciki, a kuma gano wace hukuma ce take sa ido a kansa, ko ta lafiya ce, ko ta ruwa, ko ta muhalli, domin a ƙasashe da dama aikin a rabe yake tsakaninsu. Mutane da yawa suna ɗauka cewa ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya doka ce, alhali shawara ce da ƙasashe suke ɗauka su gina nasu ma'aunin a kai, wasu su tsaurara, wasu su sassauta gwargwadon halinsu. Bugu na huɗu na waɗannan ƙa'idoji ya fito a 2011, an yi masa ƙari a 2017 da 2022, sannan a 2024 hukumar ta fitar da wani kundi na musamman domin ƙananan hanyoyin samar da ruwa, irin wanda muke magana a kai. Idan ma'aunin ƙasa da na hukumar suka saɓa, na ƙasa ne jami'in duba ruwa zai yi muku hukunci da shi.

Sai a tambaya ko ƙauyen ya kai girman da doka take lissafawa da shi, tunda ƙasashe sun bambanta a wannan. A Amurka, duk tsarin ruwan da yake da mahaɗar bututu 15, ko yake shayar da mutum 25 na aƙalla kwana 60 a shekara, ya shiga ƙarƙashin dokar ruwan jama'a. A Tarayyar Turai kuwa, dokar 2020 ta ba ƙasashe damar ɗauke wa tsarin da yake shayar da ƙasa da mutum 50, ko yake bayar da ƙasa da lita 10,000 a rana, wasu sharuɗɗa, muddin ba a harkar kasuwanci ko ta hidimar jama'a ake ba da ruwan ba. Kwamiti ya rubuta wa hukumar da abin ya shafa takarda, ya nemi a bayyana masa a rubuce abubuwan da zai riƙa gwadawa, da sau nawa a shekara, da ɗakunan gwajin da aka amince da sakamakonsu, da wanda za a kira idan aka samu matsala da dare ko ranar hutu. Amsar baki ba ta da amfani ranar da aka zo bincike, saboda haka a ajiye amsar da aka rubuto a farkon fayil ɗin kwamiti.

Zagaye daga tushen ruwa zuwa bakin famfo

Kafin a kashe ko sisi a kan gwaji, a ɗauki takarda a zana taswirar tsarin ruwan baki ɗaya: inda ruwan yake fitowa, ko rijiyar burtsatse ce ko marmaro ko kogi, da inda injin yake, da tanki, da hanyar da manyan bututu suka bi, da kowane bawul, da kowane famfon jama'a, da ƙarshen kowane layi. Wannan zane, ko da na fensir ne, shi ne tushen abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara kira shirin kare lafiyar ruwa a bugu na uku na ƙa'idojinta a 2004, wanda ma'anarsa a taƙaice ita ce a nemo duk ƙofar da ƙazanta za ta iya bi ta shiga ruwa, a toshe ta, a kuma sa mai gadi a kanta.

Da taswirar a hannu sai a fita zagaye, kuma ya fi kyau a yi shi sau ɗaya da rani, sau ɗaya bayan an sheƙa ruwan sama mai ƙarfi, domin abin da yake ɓoye da rani da damina yake fitowa fili. A bakin rijiya a duba daɓen simintin da ya kewaye ta ko ya tsage, a duba ko ruwa yana kwanciya a gindinta, ko dabbobi suna isa wurin, ko shinge ya faɗi. A auna tazarar da ke tsakanin rijiyar da masai mafi kusa, da juji, da garken dabbobi, da gonar da ake zuba wa taki. Tazarar da aka fi ambata ita ce mita 30, amma wannan adadi na jagora ne kawai, domin a ƙasa mai laka ƙazanta ba ta tafiya da nisa, alhali a dutse mai tsagogi ko ƙasa mai tsakuwa tana iya zarce hakan nesa ba kusa ba. Kuma masan da yake ta saman gangare ya fi wanda yake ta ƙasa haɗari ko da tazararsu ɗaya ce.

A tanki a hau sama a duba marfi ko yana rufuwa ruf kuma da kwaɗo, a duba ragar da ke bakin bututun shan iska da na ambaliya, domin ta nan tsuntsaye da ƙadangaru da ɓeraye suke shiga su mutu a ciki. A leƙa ƙasan tankin da tocila a ga yawan laka da ta taru. A kan layin bututu kuwa, abin nema shi ne wurin da ƙasa take jiƙe ba tare da dalili ba, da wurin da bututu ya ratsa ta cikin kwata, da haɗin da wani ya yi da kansa ba da sanin kwamiti ba.

A nan akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba, wanda kuma shi ne babban ciwon ƙauyukan da ake ba su ruwa na wasu sa'o'i kawai a rana. Bututun da yake cike da ruwa mai ƙarfi, idan ya huje, waje yake zubar da ruwa. Amma da zarar an kashe inji ƙarfin ya faɗi, sai hujin ya koma tsotso, ya jawo duk ruwan da ke kwance a kewayensa zuwa ciki, ko na kwata ne ko na masai. Washegari idan aka kunna inji, wannan ƙazanta ce take fara isa famfo. Haka nan tiyo da aka bari a nutse cikin kwamin shayar da dabbobi ko cikin bahon wanki yana iya mayar da abin da ke ciki zuwa babban layi a lokacin da ƙarfin ruwa ya faɗi. Saboda haka gyaran ƙaramin yoyo yana cikin aikin kiwon lafiya, bai kamata a jinkirta shi da sunan asarar ruwan ba ta da yawa ba.

Kulorin: yadda ake zubawa da yadda ake aunawa

Kulorin shi ne maganin da ƙaramin ƙauye zai iya saye, ya iya zubawa, ya kuma iya aunawa da kansa, kuma fifikonsa a kan tafasawa ko tacewa shi ne yana saura a cikin ruwan ya raka shi har bakin famfo. Idan aka zuba shi, wani kaso yana ƙarewa wajen yaƙi da dattin da ke cikin ruwan, abin da ya rage bayan haka shi ake kira ragowar kulorin, kuma ita ce ake aunawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a samu ragowar da ba ta gaza miligiram 0.5 a kowace lita ba bayan maganin ya yi aƙalla minti 30 a cikin ruwan da ma'aunin tsaminsa, wato pH, bai kai 8 ba, sannan a bakin famfo kada ta gaza miligiram 0.2. Iyakar sama ta fuskar lafiya miligiram 5 ce, amma tun kafin a kai nan mutane za su fara ƙorafin wari da ɗanɗano, kuma haɗarin wannan ƙorafi shi ne su bar famfo su koma rafi ko buɗaɗɗiyar rijiya, wanda ya fi komai muni.

Babu adadi guda da ya dace da kowane ruwa, don haka kowane ƙauye zai nemo nasa ta hanyar gwajin bokiti. A narkar da giram 15 na garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari a lita ɗaya ta ruwa, a cikin mazubin roba, a bar shi ya kwanta. Wannan shi ne haɗin kashi ɗaya cikin ɗari. A jera bokitai huɗu masu tsabta, kowanne da lita 10 na ruwan da za a sa wa magani, sannan da sirinji a zuba rabin mililita na haɗin a na farko, mililita 1 a na biyu, 1.5 a na uku, 2 a na huɗu. A motsa, a jira minti 30, a auna ragowar kowanne, a zaɓi bokitin da ya ba da 0.5 ko ɗan sama da haka. Idan, alal misali, bokiti na uku ne ya dace, to tanki mai lita 10,000 yana buƙatar lita ɗaya da rabi na haɗin, wato kimanin giram 22 da rabi na garin. A sake wannan gwaji duk lokacin da yanayi ya sauya ko aka buɗe sabon mazubin magani, domin ruwan damina yakan ci kulorin fiye da na rani, kuma garin yana rasa ƙarfinsa idan ya daɗe a ajiye, musamman a wuri mai zafi ko laima. A ajiye shi a inuwa, a rufe, nesa da man fetur da taki da duk wani abu mai asid, kuma mai haɗawa ya sa safar hannu ya kare idonsa.

Awon kansa ba shi da wuya. Ana amfani da ƙaramin kwalin roba mai launuka a jikinsa da ƙwayar da ake kira DPD ta ɗaya. A cika ma'aunin da ruwan famfo, a jefa ƙwayar, a girgiza, ruwan ya koma ruwan hoda, a gwada launin da na jikin kwalin a karanta adadin nan take ba tare da jinkiri ba. Wuraren da za a auna kullum aƙalla biyu ne, mafitar tanki da famfon da ya fi kowanne nisa, saboda ragowar tana raguwa a kan hanya. Idan mafitar tanki ta nuna 0.5 amma ƙarshen layi ya nuna sifili, to akwai abin da yake cin maganin a tsakani, ko yoyo ne, ko datti a cikin bututu, ko ruwa ne yake kwana a layin da ba a cika amfani da shi ba. Ragowar da ta faɗi kwatsam a ranar da ba a sauya komai ba ita ce gargaɗi mafi sauri da ƙauye zai taɓa samu cewa ƙazanta ta shiga.

Kulorin yana da iyakarsa. Ba ya aiki sosai a dagulallen ruwa, domin ƙwayoyin cuta suna ɓuya a jikin ƙananan ɓarɓashin laka. Shi ya sa ake so ma'aunin dagulewa, wanda ake lissafawa da NTU, ya kasance ƙasa da 1, ko kuma a ƙananan wurare masu ƙarancin kayan aiki kada ya wuce 5. Ruwan kogi ko na tafki sai an kwantar da shi, an tace, kafin a sa masa magani. Akwai kuma wata ƙwayar cuta mai suna Kiriftosforidiyam wadda kulorin na yau da kullum ba ya kashe ta, ita ce ta kwantar da mutane kusan 400,000 a birnin Milwoki na Amurka a 1993. Maganinta tacewa mai kyau ne ko hasken wata fitila ta musamman mai kashe ƙwayoyin cuta da ake kira UV, ko tafasawa. Wasu kuma sukan ji labarin cewa kulorin yana haifar da wasu sinadarai idan ya haɗu da ruɓaɓɓen ganye a ruwa, sai su tsorata su rage shi. Maganar tana da tushe, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a fili cewa kada a sassauta kashe ƙwayoyin cuta saboda tsoron waɗannan sinadarai, tunda haɗarinsu ƙarami ne idan aka kwatanta da na kwalara da taifot da gudawa.

Ɗaukar samfur zuwa ɗakin gwaji

Gwajin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne na ƙwayar E. coli, wadda samunta a ruwa yake nuna cewa kashin mutum ko na dabba ya shiga kwanan nan. Ma'auninta ba shi da sassauci: kada a samu ko ɗaya a cikin mililita 100. Ga tsarin famfon da yake shayar da ƙasa da mutum 5,000, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla samfur 12 a shekara, wato ɗaya a kowane wata, kuma yana da kyau a ƙara ɗaya bayan ruwan sama mai ƙarfi ko bayan babban gyara.

Sakamako da yawa suna lalacewa ne tun a hannun mai ɗauka. A karɓo kwalba daga ɗakin gwajin kansa, wadda aka riga aka kashe ƙwayoyin cikinta. Idan ruwan yana da kulorin, za a ga ɗan farin gari ko ƙwaya a ciki, wanda aikinsa shi ne ya kashe ƙarfin kulorin don kada ya ci gaba da aiki a hanya ya ɓoye gaskiya, saboda haka ba a ɗauraye wannan kwalba. A wanke hannu, a cire tiyo ko duk abin da aka ɗaura a bakin famfo, a goge bakin da ruwan kulorin ko a ɗan gasa shi da wuta idan na ƙarfe ne, a buɗe ruwan ya zuba na kimanin minti biyu, sannan a rage ƙarfinsa a tara kwalbar ba tare da yatsa ya taɓa bakinta ko cikin marfinta ba. A bar ɗan sarari a sama, a rufe, a rubuta wuri da rana da lokaci da sunan mai ɗauka da ragowar kulorin da aka auna a daidai lokacin. A sa kwalbar a akwatin sanyi da ƙanƙara ba tare da ta daskare ba, a kai ta cikin sa'o'i 6 idan zai yiwu, kuma ko ta halin ƙaƙa kada ta wuce sa'o'i 24.

Ana yawan samun sha'awar ɗaukar samfur kullum daga famfon da yake kusa da tanki, saboda an san zai fito da kyau. Wannan yaudarar kai ce, kuma a wasu ƙasashe laifi ne. A riƙa juya wuraren, a haɗa da ƙarshen layi da makaranta da wurin shan magani.

Gwajin sinadarai ba ya buƙatar yawan maimaici irin wannan, amma dole ne a yi shi cikakke kafin a fara shan sabuwar rijiya, sannan a riƙa sabuntawa bisa tazarar da doka ta sa. Huɗu ne suka fi cancantar kulawa, kuma babu ɗayansu da ido ko harshe zai gane. Naitiret, wanda yake fitowa daga taki da masai, iyakarsa miligiram 50 a lita, kuma haɗarinsa ya fi yawa ga jariran da ake haɗa wa madara da ruwan, domin yana hana jininsu ɗaukar iskar numfashi yadda ya kamata har fatarsu ta yi shuɗi. Fuloraid iyakarsa miligiram 1.5, idan ya wuce haka yakan ɓata haƙoran yara da tabo, idan ya yi yawa ƙwarai ya taɓa ƙashi, kamar yadda ake gani a wasu sassan Indiya da Gabashin Afirka. Asenik iyakarsa miligiram 0.01, kuma labarin Bangaladesh ya isa darasi a kansa: an haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse daga shekarun 1970 domin tserar da mutane daga gudawar ruwan tafki, sai a 1993 aka tabbatar cewa ruwan da yawa daga cikinsu, duk da yana fitowa garau, yana ɗauke da wannan guba daga ƙasa, har aka koma shafa wa famfuna jan fenti ko kore domin a bambanta mai haɗari da mai kyau. Na huɗu ita ce dalma, wadda ita ma iyakarta miligiram 0.01 ce, wadda kuma galibi daga tsofaffin bututu da mahaɗai da kawunan famfo take shiga ruwa. Samfurinta ana ɗaukarsa ne daga ruwan da ya kwana a bututu, ba tare da an bari ya zuba ba, akasin na ƙwayoyin cuta.

Wajen karanta takardar sakamako a lura da ma'aunin da aka yi amfani da shi, domin nan ne kwamitoci suke ruɗewa. Wani ɗakin gwaji yana rubuta asenik da dalma da maikirogiram, inda 10 take daidai da miligiram 0.01. Wani kuma yana lissafa naitiret ta sinadarin naitirojin ɗin da ke cikinsa, inda iyakar 50 take komawa kimanin 11. Jan ruwa mai ɓata tufafi da tsatsa kuwa yawanci ƙarfe ne da ya wuce miligiram 0.3, yana da muni a ido, amma bai kai waɗancan huɗun haɗari ba.

Littafin rajista

Garin Walkaton da ke lardin Ontariyo a Kanada yana da mutane kusan 4,800 a watan Mayun 2000, lokacin da ruwan sama mai yawa ya wanko kashin shanu daga wata gona zuwa cikin wata rijiya marar zurfi da garin yake sha. Mutum bakwai suka rasu, sama da 2,300 suka kwanta rashin lafiya. Kwamitin binciken da Mai Shari'a Dennis O'Connor ya jagoranta ya gano cewa masu kula da ruwan sun shafe shekaru suna rubuta adadin ragowar kulorin a littafi ba tare da sun auna ba, suna kuma rubuta wa kwalaben samfur sunan wuraren da ba can aka ɗebo su ba, kuma da mummunan sakamako ya fito ba a sanar da jami'an lafiya ba a lokacin da suka tambaya. Binciken ya nuna cewa da ana yin awon nan na kullum da gaske, da an gano matsalar da wuri kuma da an rage yawan waɗanda suka kamu ƙwarai. Garin yana da inji, yana da magani, yana da doka, littafinsa kuma a cike yake.

Saboda haka littafin ƙauye ya zama mai ɗaurarren bango da lambar shafi, a riƙa rubutu da biro, kowace rana da layinta: lokaci, wuri, ragowar kulorin, yawan maganin da aka zuba, kamannin ruwan, sa'o'in da inji ya yi, da sa hannu. Ranar da ba a auna ba a rubuta cewa ba a auna ba, da dalili. Idan aka yi kuskure a ja layi ɗaya a kai a gyara a gefe, kada a goge. Shugaban kwamiti ya riƙa duba littafin kowane mako, kuma lokaci zuwa lokaci ya ɗauki ma'aunin ya auna da kansa ya kwatanta. A ganina shafin da yake nuna adadi iri ɗaya tsawon wata guda ya fi wanda yake hawa da sauka abin tuhuma, domin ruwa na gaskiya ba ya tsayawa a lamba guda. Bai kamata kuma a tsawata wa mai kula da ruwa don ya rubuta sifili ba, tunda wanda aka ci wa fuska sau ɗaya saboda faɗin gaskiya zai koyi rubuta abin da ake so a gani. A haɗa takardun ɗakin gwaji, da bayanin kowane gyara, da ranar wanke tanki, da ƙorafin jama'a a fayil guda. Tsawon lokacin ajiya ya danganta da ƙasa. A Amurka, misali, shekara 5 ne ga sakamakon ƙwayoyin cuta, shekara 10 ga na sinadarai.

Idan sakamako ya fito da matsala

A rubuta abin da za a yi tun kafin ranar ta zo, a manna shi a ɗakin inji tare da lambobin wayar da za a kira. Idan aka samu E. coli, ko kulorin ya yanke na tsawon lokaci, ko ambaliya ta rufe bakin rijiya, a sanar da hukumar lafiya a ranar, a kuma sanar da jama'a ta kowace hanya da za ta kai ga kowane gida cewa su tafasa ruwan sha, da na girki, da na wanke baki, da na haɗa abincin jarirai, har ya yi tafasa mai ƙarfi ta minti ɗaya, sannan a bar shi ya huce a rufaffen mazubi. Jiran sakamako na biyu kafin a yi sanarwa, don gudun kunya ko tayar da hankali, shi ne kuskuren da ya fi tsada. A daidai lokacin a sake ɗaukar samfur daga wurin da aka samu matsalar, da wani wuri na gabansa, da na bayansa, da tushen ruwan kansa, domin a gane daga ina ɓarnar ta faro. Idan an gano an gyara, a wanke tanki da bututu da kulorin mai ƙarfi, a buɗe famfunan ƙarshen layi ruwan ya fita har ragowar ta dawo daidai, kuma kada a bar kowa ya sha ruwan wankin.

Sanarwar tafasawa ta shafi ƙwayoyin cuta ne kaɗai. Idan matsalar naitiret ce ko asenik ko fuloraid ko dalma, tafasawa ba ta cire su, hasali ma tana ƙara musu yawa saboda ruwan yana ƙonewa su kuma suna nan. A irin wannan hali sanarwar da ta dace ita ce kada a sha ruwan, a samar da wani, a fara da jarirai da masu juna biyu, sannan a zauna da hukuma a duba ko za a gauraya ruwan da na wata rijiya mai kyau, ko a sa na'urar tacewa ta musamman, ko a bar rijiyar gaba ɗaya. Ɗage sanarwa kuma ba a hannun kwamiti kaɗai yake ba: ana jira ne sai samfura biyu a jere, waɗanda aka ɗauka da tazarar aƙalla kwana guda, sun fito babu ƙwayar, hukumar lafiya ta amince a rubuce, sannan a sanar da jama'a ta hanyoyin da aka bi wajen sanarwar farko, a kuma rubuta a littafi ranar da aka fara, da ranar da aka ɗage, da abin da ya jawo, da gyaran da aka yi.